Tambayoyi da amsoshi kan yadda ake ba da makin tsalle a wasan zamiyar ƙanƙara

Ni dai a Jos aka haife ni, ƙanƙarar da na sani kuma ita ce wadda ke sauko mana da ruwan sama ta huhhuda ganyen kabeji ta cika kwanon ɗaki da ƙara. Amma tun 2018 da na fara ganin wasan zamiyar ƙanƙara na Olympics a waya abun ya shiga raina, wataƙila don dama tun ina yaro nake hawa takalmin taya, yanzu ma ina koya wa yaran unguwarmu duk Asabar da safe. Da daddare in na kunna bidiyo a teburin mai shayinmu ta wajen Bauchi Road, cikin sanyin Disamba kowa ya duƙunƙune a rigar sanyi, kai shida a kan waya ɗaya, ba a minti biyar sai gardama ta ɓarke, wannan ya faɗi ƙasa warwas amma shi ya ci, wancan bai faɗi ba an ba shi na huɗu, ai magudi ne. Tambayoyin da ake ta yi min kenan na tattara. Alƙaluma da dokokin da zan kawo su ne waɗanda aka yi aiki da su daga kakar 2022 zuwa Olympics na 2026, don hukumar wasan ta duniya, ISU, wadda ke Lausanne a Suwizalan, takan taɓa dokokinta akai-akai musamman bayan kowane Olympics.

Malam, wai ba duk tsallen iri ɗaya ba ne? Ni juyi kawai nake gani

Kowa haka yake gani da farko. Tsalle shida ne, kuma bambancinsu ba a sama yake ba, a ƙasa yake, wajen tashi. Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin nan kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, tsakiyarsa a ɗan rarake take shi yasa yake da kaifi biyu, na ciki da na waje, sannan a gaba yana da haƙora kamar na zarto. Tsalle uku ana caka haƙoran nan a ƙanƙara a tashi da su, wato to-luf da filif da Luz. Uku kuma daga kan kaifi kawai ake tashi ba caki, su ne Salko da luf da Aksel.

Aksel shi ya fi sauƙin ganewa don shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba. Tunda duk tsalle da baya ake sauka, shi yana da ƙarin rabin juyi, Aksel mai uku juyi uku da rabi ne. Sunan wani ɗan Nowe ne, Axel Paulsen, wanda ya fara yin sa a 1882. Salko daga Ulrich Salchow ɗan Suwidin, Luz daga Alois Lutz ɗan Ostiriya. A takardar maki ana rubuta su da harafi: T to-luf, S Salko, Lo luf, F filif, Lz Luz, A Aksel, lambar da ke gaba kuma yawan juyi ce. 3A Aksel mai uku kenan, 4T to-luf mai huɗu.

To waye ke ba da makin, mutanen da ke zaune a jere ɗin nan?

Kashi biyu ne kuma aikinsu ba ɗaya ba. Akwai kwamitin tantancewa, mutum uku, da masu taimaka musu biyu, mai shigar da bayanai a kwamfuta da mai dawo da bidiyo baya. Su ne ke cewa wane tsalle aka yi, juyi nawa, ya cika ko bai cika ba, da wane kaifi aka tashi. Kamar masu VAR ɗin ƙwallo suke, suna sake kallo a hankali bayan an gama wasa, shi yasa wani lokacin ɗan wasa zai zauna da kocinsa yana haki ana ta jira maki bai fito ba. Sai alƙalai, a manyan gasa su tara, su kuma ba ruwansu da sunan tsallen, nasu shi ne ya yi kyau ko bai yi ba. Akwai alƙalin wasa guda a kansu mai kula da lokaci da tsayawar kiɗa da irin su.

Nawa ne makin kowane tsalle?

Kowanne da farashinsa a rubuce, ba ciniki. Masu juyi uku: to-luf 4.20, Salko 4.30, luf 4.90, filif 5.30, Luz 5.90, Aksel 8.00. Masu huɗu: to-luf 9.50, Salko 9.70, luf 10.50, filif 11.00, Luz 11.50, Aksel 12.50. Aksel mai biyu 3.30 ne, to-luf mai biyu 1.30 kacal. Ka riƙe waɗannan biyun na ƙarshe don za mu dawo kansu.

Ka duba tazarar da ke tsakanin mai uku da mai huɗu za ka gane dalilin da yasa samarin nan ke kasada da gwiwoyinsu. Kurt Browning na Kanada shi ya fara yin mai huɗu da aka amince da shi a gasa, a 1988. Sai da aka shekara 34 kafin Ilia Malinin na Amurka ya sauke Aksel mai huɗu a watan Satumba 2022, juyi huɗu da rabi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya a sama.

Meye bambancin haɗi da jeri? Na ga wani wuri an rubuta SEQ

Yawwa, nan ne ainihin inda nake son mu tsaya, don ko masu kallon da suka daɗe suna rikita su.

Ka ɗauki ɗan wasan da ke juyawa ta hagu, wanda haka yawancinsu suke. Ko wane tsalle ya yi, da ƙafar dama zai sauka, yana tafiya da baya, a kan kaifin waje. To haɗi shi ne daga wannan ƙafar da ya sauka a kai, ba taku ba sauya ƙafa, ya sake tashi nan take. Saukar na farko ita ce tashin na biyu. Kuma tsalle biyu ne kawai ake iya tashi daga wannan tsayuwar, to-luf da luf, shi yasa kullum za ka ga +3T ko +2T ko +3Lo a bayan haɗi. In yana son Salko ko filif a ƙarshe sai ya sa wani ɗan ƙaramin tsalle a tsakiya mai juyi ɗaya, ana ce masa Oila, a takarda 1Eu, makinsa 0.50, aikinsa kawai ya sauke shi a ƙafar hagu kan kaifin ciki inda Salko da filif ke tashi. Mai kallo da bai sani ba sai ya ɗauka tuntuɓe ya yi.

Jeri kuma, wanda ake rubuta +SEQ, Aksel ne ke biyo baya. Tunda Aksel ta gaba ake tashinsa kuma da ƙafar hagu, ba yadda za a yi a haɗa shi kai tsaye, dole ɗan wasa ya sauka da dama yana baya, ya juyo ya taka hagu yana fuskantar gaba, ya tashi. Taku ɗaya tak aka yarda, daga lanƙwasar sauka zuwa lanƙwasar tashi. In ya ƙara taku, ko ya tura ƙafa don neman gudu, jeri ya lalace. Tsalle biyu ne ko uku, kuma na biyun ko na ukun ko dukansu Aksel.

Wannan takun ɗayan na gwada shi da takalmin taya a kan simintin filin da muke atisaye, ba tare da wani juyi a sama ba, kawai in taho da baya a ƙafar dama in juyo in taka hagu in ɗan daka tsalle. Wallahi abun da na fara lura da shi shi ne gudu yana mutuwa a daidai wajen juyowar, kafaɗa tana son ta riga ƙugu, kuma in ka bari ta riga shi ka tafi. Yanzu ka ƙaddara mutumin da ya sauko daga juyi huɗu, nauyin da ya faɗa wa gwiwarsa ninkin jikinsa ne sau da yawa, kuma daga wannan ɗan guntun gudun da ya rage masa zai nemo juyi uku da rabi. Tun ranar nake kallon jeri da wani ido daban.

Kafin 2018 ma'anar jeri ta fi haka faɗi, ana iya haɗa tsalle da ƴan dire-dire a tsakani, a ɗauki biyu mafi tsada a ciki. A 2018 aka taƙaita shi ya zama sai da Aksel.

Gaskiya ne da can ana rage wa jeri maki?

Gaskiya ne. Har zuwa 2022 in ka yi jeri ana tara farashin tsallen ne a ba ka kashi 80 cikin 100, shi kuwa haɗi a ba shi cif. Misalin da kowa ke kawowa shi ne na Yuzuru Hanyu na Jafan, wanda a watan Nuwamba 2018 a Helsinki ya zama na farko da ya yi to-luf mai huɗu ya biyo shi da Aksel mai uku a gasa. 9.50 da 8.00 sun kama 17.50, amma saboda jeri ne sai ya koma 14.00 kafin a sa ƙarin da ake ba tsallen da aka yi a rabi na biyu na wasa. Maki 3.50 sun tafi a kan abun da ba wanda ya taɓa yi kafin shi. Ni har yau abun yana min ciwo, domin in da a ce to-luf mai uku ya liƙa a baya, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, 13.70 zai samu, bambancin 0.30 ne kawai.

Daga kakar 2022 aka gyara, jeri ya koma cikakken farashi. A gasar duniya ta 2024 a Montreal Malinin ya rufe tsallensa da Luz mai uku da Aksel mai uku a jere, bayan ya riga ya yi masu huɗu guda shida, aka ba shi kuɗinsa ba ragi.

Na goyi bayan gyaran ɗari bisa ɗari, amma akwai abun da ya biyo baya wanda ba na jin daɗinsa sosai. Ka tuna na ce ka riƙe 3.30 da 1.30? To yanzu duk wanda to-luf mai uku ke ba shi wahala a bayan haɗi, maimakon ya liƙa mai biyu na 1.30 sai ya taka ya yi Aksel mai biyu na 3.30, wasu ma su jera biyu. 3Lz+3T 10.10 ne, 3Lz+2A+SEQ 9.20, tazarar ba ta kai maki ɗaya ba alhali wahalar ba ɗaya ba ce. Lissafi ne mai kyau, ba na ganin laifin ɗan wasa ko kocinsa, doka ce ta buɗe ƙofar. Abun da ya ɗan rage min damuwa shi ne jeri ɗaya kawai aka yarda a dogon wasa (a gasa wasa biyu ake yi, gajere da dogo).

Meye GOE ɗin nan da ake ta faɗa?

Ka san in ka sayi tumatir a Farin Gada akwai farashin kwando, sannan akwai gyara in mai kaya ya ji daɗinka, akwai kuma ragi in ka ga ruɓaɓɓe a ƙasa. To GOE gyara ce ko ragi a kan farashin tsalle. Kowane alƙali zai danna daga -5 zuwa +5, kafin 2018 daga -3 zuwa +3 ne. Kowane mataki ɗaya kashi 10 cikin 100 ne na farashin tsallen. Ana cire wanda ya fi kowa bayarwa da wanda ya fi kowa matsewa, a raba sauran bakwai ɗin.

Abubuwa shida suke dubawa: tsawo da nisan tsalle, kyan tashi da sauka, a yi shi ba alamar wahala, a shigo shi da taku mai wuya ko ta inda ba a zata ba, tsayuwar jiki a sama, da dacewa da kiɗa. Ba a ba da +4 ko +5 sai ukun farko sun cika. A haɗi da jeri kuma akwai maganar kari, wato tsalle na biyu ya biyo na farko kamar bugun ganga, ba a tsaya ana neman daidaito ba. Kai da kanka za ka ji shi, in an yi daidai sai ka ji numfashinka bai sauka ba sai bayan na biyun.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, a haɗi ko jeri gyarar ba daga jimillar ake lissafa ta ba, daga tsalle mafi tsada a ciki ne kawai. Misali 3Lz+3T, a ce alƙalai sun ba da 2, 3, 3, 3, 2, 4, 3, 3, 1. A cire 4 da 1, saura 19 a raba bakwai, kusan 2.71, a buga da 0.59 wanda shi ne kashi 10 na Luz, gyara ta kama 1.60. Jimilla 11.70.

Oga, amma ya za a yi mutum ya faɗi kuma ya ci gasa?

Wannan ita ce tambayar mai shayinmu, yana fifita wuta yana leƙo waya. Faɗuwa tana da tsada, duk alƙalai za su ba da -5 wato rabin farashin ya tafi, sannan a cire maki 1 daga jimilla. A gasar manya faɗuwa ta farko da ta biyu 1 ne kowacce, ta uku da ta huɗu 2, daga ta biyar 3. Kuma tana taɓa ɗayan ɓangaren makin, na tsarin wasa da gabatarwa da iya zamiya, don ba a ba wanda ya faɗi 10.

Amma in juyin ya cika kafin ya faɗi, farashin tsallen yana nan. Luz mai huɗu 11.50, cire 5.75, cire 1, saura 4.75. Ka ga ya fi farashin to-luf mai uku da aka sauke lafiya. To in mutum ya jera masu huɗu guda biyar ya faɗi a ɗaya, abokin karawarsa kuma ya yi masu uku zalla tsaf ba kuskure, tazarar farashi tun daga gida ta riga ta yi yawa. Ba kullum ba ne dai. A Vancouver 2010 Evan Lysacek ya ci zinare ba tare da mai huɗu ko ɗaya ba, Evgeni Plushenko da ya yi mai huɗu ya zo na biyu, aka yi ta surutu. A Beijin 2022 ma Alexandra Trusova ta tashi masu huɗu har biyar a dogon wasa amma azurfa ta samu, Anna Shcherbakova ta ɗauki zinare.

To shi wanda bai faɗi ba kuma makinsa ya zube fa?

Nan ne ake buƙatar takarda. Akwai ƴan alamomi ƙanana da ake sa wa a gefen tsalle, su ne ke cinye maki a ɓoye.

In ƙarfen ya taɓa ƙanƙara juyi bai ƙarasa ba, sauran aka murza shi a ƙasa, ana auna abun da ya rage. In rubu'in juyi ne daidai sai a sa q, farashi yana nan amma alƙalai za su rage gyara. In ya wuce rubu'i bai kai rabi ba sai a sa <, a ba da kashi 80. In ya kai rabi ko fiye sai <<, a mayar da shi tsallen da ke ƙasa da shi. Luz mai uku 5.90 da < ya koma 4.72, da << kuma ya koma farashin mai biyu, 2.10. Aksel mai huɗun da Hanyu ya gwada a Beijin 2022 da < aka rubuta shi, farashi ya zama 10.00, faɗuwa ta raba shi biyu.

Sai maganar kaifi, wadda ta shafi filif da Luz kawai. Filif daga kaifin ciki ake tashi, Luz daga na waje, kuma da yawa jikinsu kan mirgina zuwa ɗayan a daƙiƙar ƙarshe. In ya fito fili an sa e, kashi 80. In da shakka an sa !, farashi bai taɓu ba sai gyara. In e da < suka haɗu kan tsalle ɗaya kashi 60 ne. A haɗi ko jeri kowane tsalle da nasa hukuncin, ana iya samun na farko lafiya na biyu da <.

Wani dare sai da na tsayar da bidiyo sau wajen goma ina ja da babban yatsa kaɗan-kaɗan, har muka kama daidai inda haƙoran takalmin wata yarinya suka taɓa ƙasa, ƙafarta tana kallon gefe maimakon baya, ga ɗan farin garin ƙanƙara ya tashi a lanƙwashe kamar ƙugiya. Wani dattijo da ke zama da mu ya gyara tabarau ya ce, af, ashe a ƙasa ta ƙarasa. Da gudun bidiyo na yau da kullum babu wanda ya gani a cikinmu.

Ita q ɗin nan da aka shigo da ita a 2020 ita ce ba ta kwanta min ba. Ta yaya idon mutum zai raba rubu'i daidai da rubu'i da ɗan ɗoriya? A nan ne wani kwamitin zai matse wani ya sassauta, kuma ɗan wasa ɗaya da tsalle iri ɗaya zai samu hukunci biyu a gasa biyu.

Me zai hana mutum ya yi ta maimaita tsallen da ya fi iyawa?

An taɓa yi. Elaine Zayak ta Amurka ta ci gasar duniya ta 1982 da masu uku guda shida, huɗu daga ciki to-luf ne, daga nan aka kafa dokar da har yau ake kira da sunanta. A dogon wasa, mai minti 4, gurbin tsalle bakwai ne, ɗaya dole Aksel. Uku daga ciki ana iya yin su haɗi, ko haɗi biyu da jeri ɗaya, kuma ɗaya ne kawai zai iya ɗaukar tsalle uku. A cikin masu uku da masu huɗu iri biyu kawai za ka maimaita, sau biyu kowanne, kuma ɗaya ne kawai cikin biyun zai iya zama mai huɗu. Wanda ka maimaita dole ɗayansu ya kasance cikin haɗi ko jeri, in duka biyun su kaɗai ka yi sai a rubuta +REP a ba na biyun kashi 70. In ka karya dokar gaba ɗaya tauraro za a sa, *, sifili kenan.

Shi yasa ɗan wasan kirki yana zamiya yana lissafi. In ya kasa liƙa na biyu a farkon wasa dole ya tuna inda zai mayar da shi, kuma kar garin gyara ya yi to-luf sau uku.

In ya sauka ya yi tangaɗi sannan ya yi na biyun, ana ƙirgawa?

Ya danganta. In ya ɗan juya a kan ƙafar da ya sauka bai mayar da nauyinsa kan ɗayar ba, ana ƙirga shi haɗi sai dai a rage gyara. In ya fita ya taka ɗaya ƙafar ya ɗora nauyi, na biyun ya tashi a banza.

Meye x ɗin da ke gefen wasu lambobi?

Ƙarin kashi 10 ne na tsallen da aka yi bayan rabin lokaci, lokacin da ƙafa ta gaji. Alina Zagitova ta Rasha tana da shekara 15 ta kwashe duk tsallenta ta kai rabi na biyu a Olympics na 2018 ta ci zinare, bayan nan aka ce tsalle uku na ƙarshe kawai za su samu a dogon wasa, ɗaya na ƙarshe a gajeren wasa. Don haka masu ƙarfin hali suke ajiye haɗi da jeri sai ƙarshe, tunda su suka fi tsada ƙarinsu ya fi kauri.

A gajeren wasa ma ana yin jeri?

A'a. Minti 2 da daƙiƙa 40 ne, gurbi uku: Aksel mai biyu ko mai uku, tsalle guda shi kaɗai, da haɗi na tsalle biyu. Wanda ya gama bai yi haɗin ba za a rubuta masa +COMBO kuma gyara ta faɗi -5, ga asarar tsalle na biyun. Gasa da yawa a nan ake rasa su tun ranar farko.

Tsakani da Allah, babu magudi?

An yi, kuma shi ne ma ya haifi wannan tsarin. A Olympics na 2002 a Salt Lake City, a wasan ƴan bibbiyu, aka ba ƴan Rasha Berezhnaya da Sikharulidze zinare a kan ƴan Kanada Salé da Pelletier, sai magana ta fito cewa an matsa wa alƙaliyar Faransa lamba, ƙarshe aka ba ɓangarorin biyu zinare. Tsohon tsarin da makinsa ke tsayawa a 6.0 aka ajiye shi, sabon ya fara aiki a 2004. Da farko ana ɓoye wane alƙali ya ba da wane maki, bayan hayaniyar Sochi 2014 inda Adelina Sotnikova ta doke Yuna Kim ta Koriya ta Kudu aka soke ɓoyewar a 2016. Yanzu kana iya ganin makin kowane alƙali da ƙasarsa.

Son kai bai ƙare ba, ina ganin sa a gyara da kuma makin gabatarwa, inda mai suna kan samu +3 a tsallen da sabon shiga zai samu +1. Amma yawancin abun da muke kira magudi a teburin shayi, in muka buɗe takardar sai mu tarar da < biyu da e ɗaya.

Kawu, ana iya yin waɗannan da takalmin taya?

Ƴar yayata ce ta tambaye ni, shekararta tara. Ana yi, akwai masu gasar salo da takalmin taya a duniya kuma sunayen tsallen kusan duk ɗaya ne. Amma siminti ba ya yafiya, ni iyakar abun da nake bari yarana su gwada shi ne ɗan tsallen rabin juyi daga gaba zuwa baya, da hular kwano da abun gwiwa, a fili ba a titi ba, kuma duk wanda na kama ya riƙe bayan keke ana jan sa sati biyu ba zai hau ba. Bidiyon da ta fi so shi ne na Surya Bonaly, baƙar fata ƴar Faransa, da ta yi alkafura ta baya ta sauka da ƙafa ɗaya a Nagano 1998 lokacin da abun haramun ne a gasa, aka cire mata maki. A 2024 aka ɗage haramcin, sai dai alkafura ba ta cikin tsalle shidan, ba ta da farashi.

A ina zan ga takardar makin, kuma ya zan karanta ta?

ISU tana fitar da ita kyauta bayan kowane wasa, ba ta cin data sosai. Kowane layi abu ɗaya ne da ɗan wasa ya yi, bi da bi. Daga hagu sunan tsallen, sai alama in akwai, sai farashi, sai x in an samu ƙari, sai gyara, sai lambobin alƙalai tara, sai jimilla a ƙarshen dama. Ka nemo ta Malinin ta Montreal 2024 ka sauka layin tsallensa na bakwai, za ka ga 3Lz+3A+SEQ da 15.29 da x. Luz 5.90 ne, Aksel 8.00, sun kama 13.90, ƙarin kashi 10 ya kai shi 15.29. Sai ka koma bidiyon ka tsayar da shi daidai inda ya sauka da dama, ka ƙirga takun da ya yi kafin ya sake tashi.